Kayan aikin kula da sabobi da yawa daga nesa: abin da ya kamata ka sani kafin mai gida ya bugo maka waya

Saura kwana uku Babbar Sallah, ina cikin danfo a gosulon Oshodi, sai wayata ta yi ƙara. Alhajin da nake kula wa da kwamfutocin kamfaninsa na sufuri ne. Ko gaisuwa bai tsaya mun yi ba.

"Injiniya, kana ina? Tun safe yara sun kasa buga takardar kaya a Anacha da Badun. Tirela huɗu na tsaye, direbobi sun cika min kunne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu zan duba." Amma wallahi a lokacin ban san abin da ya faru ba. Sai da na sauka, na raɓe a bakin wani shago na buɗe kwamfutata, sannan na ga faifan ajiyar sabar ya cika maƙil da rajistar aiki da ta yi watanni tana taruwa. Gyaran bai wuce minti biyar ba. Sai dai kamfanin ya riga ya yi awa huɗu a tsaye, kuma mai gida ne ya fara ba ni labari, alhali ni ake biya in fara sani.

Yau saba tara nake riƙe da su daga ɗakina a Agege. Wasu haya muka yi a Jamus, wasu suna wata cibiyar ajiyar bayanai a nan Legas, biyu kuma suna zaune a ofisoshin mutane, ɗaya a Fatakwal ɗaya a Kano. Tunda yaranmu da dama a Sabo da Idi-Araba da Alaba Rago sun fara shiga wannan sana'a, suna yi wa makarantu da 'yan kasuwa da kamfanonin sufuri aiki, na ga ya dace in tattara kayan aikin wuri ɗaya, kowanne da amfaninsa da kuma inda yake iya cizon mai shi.

Mece ce saba?

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ake barinta a kunne dare da rana don ta yi wa wasu na'urori hidima. Ita ke riƙe da shafin intanet, ko rajistar ɗalibai, ko lissafin kayan shago. Galibi ba ta da allo ko maɓallan bugawa a gabanta, kuma yawancinsu Linux suke amfani da shi. Idan guda ɗaya ce, za ka iya riƙe komai a kai. Da sun kai biyar, sai ka fara mantawa: wacce na sabunta, wacce ban sabunta ba, wacce ce takardar tsaronta ta kusa ƙarewa?

Aikin ya kasu uku. Akwai ƙofar da za ka shiga, akwai hannun da zai yi aiki iri ɗaya a kan dukkansu, akwai kuma idon da zai tsare su lokacin da kake barci. Kowane kayan aiki da za ka ji an ambata yana cikin ɗayan ukun nan.

Ƙofar shiga

Tushen komai shi ne SSH. Wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro shi a 1995, sannan masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH a 1999, wanda kusan kowace saba ta Linux ke ɗauke da shi yau. Yana ba ka damar buga umarni a kwamfutar da ke nesa, duk abin da ke wucewa tsakaninku kuma a rufe yake, mai leƙe a hanya ba zai iya karantawa ba. A al'ada ƙofa mai lamba 22 yake saurara. Masu Windows sun daɗe suna shiga da PuTTY, amma yanzu Windows ɗin kansa na zuwa da umarnin ssh. A waya akwai Termius, akwai Termux ga masu Android.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka bar shiga da kalmar sirri ka koma makulli. Umarnin ssh-keygen zai samar maka da makulli mai ɓangare biyu, na sirri da ke zama a kwamfutarka, da na fili da za ka dasa a kowace saba. Nau'in ed25519 ne aka fi so yanzu. Ka sa wa makullin kansa kalmar sirri, don ranar da aka fizge jakarka a tasha. Bayan haka ka rufe shiga da kalmar sirri baki ɗaya, ka hana shiga kai tsaye da sunan root, ka ɗora fail2ban wanda ke toshe duk adireshin da ya yi ta gwada shiga yana kasawa. Duba rajistar kowace sabuwar saba kwana ɗaya da kunna ta, za ka ga baƙi daga ko'ina sun fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Na biyu, fayil ɗin config da ke cikin babban fayil ɗin .ssh. A nan kake ba kowace saba laƙabi, ka rubuta adireshinta da makullinta sau ɗaya. Ni nawa sunayen garuruwa ne, in na buga ssh fatakwal shi ke nan na shiga. A nan kuma ake saita ProxyJump, wato ka bar saba ɗaya tak a matsayin zaure, sauran duk ta cikinta ake bi.

Sai matsalar da mu muka fi kowa saninta, katsewar sabis. Kana tsakiyar sabunta manhaja, layi ya yanke, aikin ya tsaya rabi da rabi. Maganinsa tmux, ko tsohon ɗan'uwansa screen. Kana shiga saba ka buɗe shi, duk abin da ka fara zai ci gaba da tafiya ko layinka ya mutu, in ka dawo ka tarar da shi inda ka bari. Akwai kuma Mosh, wanda ya fito daga jami'ar MIT ta Amurka a 2012. Shi ba ya damuwa ko ka sauya daga layin waya zuwa waya-fai, ko ka rufe kwamfuta ka shiga mota. Yana buƙatar ka buɗe masa ƙofofin UDP daga 60000 zuwa 61000.

Sabar da ke zaune a ofis kan intanet ɗin layin waya galibi ba ta da adireshin da za a same ta daga waje. A nan WireGuard ke shigowa, wanda aka saka cikin zuciyar Linux a 2020, ko Tailscale da aka gina a kansa. Suna haɗa na'urorinka cikin wata keɓantacciyar hanya, kamar duk suna ɗaki ɗaya. Idan sabar Windows ce, kada ka kuskura ka bar ƙofar RDP, lamba 3389, a buɗe ga duniya. Ta bayan irin wannan hanyar za ka bi.

Hannu ɗaya, sabobi da yawa

Hanya mafi sauƙi ita ce kayan da ke aika umarni ɗaya zuwa sabobi da yawa lokaci guda, irin su pssh da ClusterSSH. Shi ma tmux yana iya haɗa tagogi ta yadda abin da ka buga a ɗaya zai shiga duka. Suna da daɗi wajen tambaya, misali ka ga sararin da ya rage a faifan kowacce da df -h. Wajen canza abu kuwa sai da taka-tsantsan, domin kuskuren yatsa ɗaya zai sauka a kan dukkansu.

Mataki na gaba shi ne ka rubuta yadda kake son kowace saba ta kasance, manhaja ta tabbatar da hakan. CFEngine ya fara wannan tun 1993, Puppet ya zo a 2005, Chef a 2009, Salt a 2011. Wanda na fi ba mai farawa shawara shi ne Ansible, wanda Michael DeHaan ya fitar a 2012, kamfanin Red Hat ya saya a 2015. Dalilina shi ne ba ya buƙatar ka girka wani wakili a kan sabobin. SSH ɗin da kake da shi da Python sun isa. Fayil biyu ne ginshiƙinsa: jerin sabobinka rukuni-rukuni, da littafin umarni a tsarin YAML inda za ka ce a girka kaza, a buɗe ƙofa kaza, a tabbatar hidima kaza na tafiya. In ka sake gudanar da shi, abin da ya riga ya daidaita ba zai taɓa shi ba.

Wanda ke ganin wannan wahala ce ya tuna da Knight Capital, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. A ranar 1 ga Agusta 2012 suka kunna sabuwar manhaja da aka ɗora a kan saba bakwai cikin takwas, aka manta da ɗaya. Ita wannan ɗayar ta tayar da wata tsohuwar manhaja, ta yi ta saye da sayarwa ba kan gado. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440. Mutum yana mantuwa, shi ya sa ake rubuta aikin a fayil.

Dokoki biyu nake bi. Kafin in canza komai sai na gudanar da shi da --check, ya nuna min abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Sannan in fara da saba ɗaya ta hanyar --limit, in jira in ga lafiya, kafin in sake shi kan sauran. Abin da ya faru ranar 19 ga Yuli 2024 ya isa darasi, lokacin da sabuntawa ɗaya daga CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi.

Ga wanda baƙin allo ke ba shi tsoro, akwai Webmin da ke nan tun 1997, da Cockpit. Ta burauza ake shiga, ka ga faifai da hidimomi da masu amfani, ka danna abin da kake so. Suna da amfani, amma su ma ƙofa ce, kada ka bar su a buɗe ga kowa.

Idon da ba ya barci

Sa ido iri biyu ne, daga waje da daga ciki.

Na waje tambaya ɗaya yake yi: shafin yana buɗewa ko ba ya buɗewa? UptimeRobot yana duba maka kyauta duk bayan minti 5. Uptime Kuma, wanda ya fito a 2021, kai kake girka shi a ƙaramar sabarka, yana aiko saƙo ta Telegram ko imel. Da a ce ina da ko wannan kaɗai a waccan Sallar, da na sani minti biyar da tsayawar aiki.

Na ciki shi ke gaya maka abin da ke tafe. Nagios shi ne dattijo, Ethan Galstad ya fara shi a 1999 da sunan NetSaint. Amsa huɗu kawai yake karɓa daga kowane gwaji: lafiya, gargaɗi, haɗari, ko ban sani ba. Icinga reshensa ne da ya ɓalle a 2009. Zabbix, wanda Alexei Vladishev ya fitar a 2001, ya haɗa komai wuri ɗaya, tattara alƙaluma, zane, da ƙararrawa. Kana ɗora ƙaramin wakili a kowace saba a ƙofa 10050, kuma yana jin yaren SNMP, don haka yana iya leƙa rauta da firinta da na'urar riƙe wuta. Prometheus ya taso a kamfanin SoundCloud a 2012. Shi yake zagayawa ya ɗebo alƙaluma daga node_exporter da ke kowace saba a ƙofa 9100, in ba ka canza ba yana ajiye na kwana 15. Grafana, wanda ya fito a 2014, shi ke mayar da alƙaluman zane mai kyan gani, Alertmanager kuma ya aika ƙararrawa. Netdata na da saurin girkawa, yana nuna abin da ke faruwa daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya fi dacewa da lokacin da kake farautar abin da ke sa saba nauyi.

Duk wanda ka zaɓa, ga ƙa'idar da ba a karyawa: mai gadi ba ya kwana a ɗaki ɗaya da kayan da yake gadi. Idan manhajar sa ido na kan sabar da take tsarewa, ranar da sabar ta mutu tare za su mutu, babu mai kai maka labari. Ka ajiye ta a wani kamfani daban, in da hali a wata ƙasa daban. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, sabobin Turai lafiya lau suke, mu ne nan muka kasa kai musu. Mai gadin da ke Jamus zai ce maka komai daidai, alhali yaran ofis a Anacha suna kallon farin allo. Tun daga ranar ido biyu nake ajiyewa, ɗaya a waje ɗaya a cikin Najeriya.

Me za a sa wa ido?

Faifan ajiya ne farko. Ni ina sa gargaɗi idan ya kai kashi 80 cikin 100, ƙararrawa a kashi 90. Sai ram da nauyin aiki, sai hidimomin da kuɗi ke bi ta kansu, kamar rumbun bayanai. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt kwana 90 take yi, ana sabunta ta kai tsaye, amma sabuntawar kan tsaya ba ka sani ba, don haka ka sa a gaya maka in saura mako biyu. Haka ranar ƙarewar sunan shafi da ranar biyan haya, musamman ga mu da biyan dala ke iya ɗaukar kwanaki.

Kwafin ajiya yana buƙatar nasa gadin na musamman. Aikin dare da ya daina tafiya ba ya kuka, shiru kawai yake yi. Akwai hidimomi irin su Healthchecks da ke jiran saƙon "na gama" daga aikin, in bai iso a kan lokaci ba su tashe ka. Kuma ko yana tafiya, ka riƙa gwada dawo da shi. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab ya goge bayanai a kan sabar da ba ita ya nufa ba, da suka juya ga kwafin ajiyarsu sai suka tarar yawancin hanyoyin ba sa aiki, suka rasa bayanan kimanin awa shida. Tun da na san labarin nan na sa sunan kowace saba mai muhimmanci ya riƙa fitowa da jan launi a allona.

Kada kuma ka cika wa kanka ƙararrawa. In wayarka na kuka sau talatin a rana kan abin da bai kai ya kawo ba, ranar da na gaske ya zo za ka share. Abin da zai tashe ka tsakar dare ya zama wanda dole sai ka tashi, sauran su jira safiya.

In mai gida ya nemi alƙawari, ka san lissafin kafin ka buɗe baki. Kashi 99 cikin 100 na nufin an yarda aiki ya tsaya fiye da kwana uku da rabi a shekara. Kashi 99.9 kuwa bai kai awa tara ba.

Wuta

Sabar da ke ofis tana rayuwa ne da NEPA da janareta da inbata. Ka shiga saitin BIOS ka sa ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo, in ba haka ba sai ka nemi wanda zai je ya danna maɓalli. Manhajar NUT tana magana da na'urar riƙe wuta, ta kashe sabar cikin tsari kafin batir ya ƙare. Manyan sabobi na da wata ƙofar baya mai zaman kanta, iDRAC a na Dell, iLO a na HP, wadda ke ba ka damar kunnawa da ganin allo ko Linux ɗin ya ƙi tashi. Duk da haka ka riƙe lambar mutum ɗaya amintacce a kowane gari, wanda ya san wace waya ce ta rauta.

Makullin da ke buɗe ko'ina

Kayan da ke ba ka iko kan saba ashirin zai ba ɓarawo iko kan ashirin ɗin in ya faɗa hannunsa. A 2020 aka gano an cusa mugunta cikin sabuntawar Orion ta SolarWinds, manhajar sa ido, wadda kusan abokan hulɗa 18,000 suka sauke. A Yulin 2021 aka bi ta manhajar Kaseya aka kulle kwamfutocin kamfanoni masu yawa, har shagunan Coop kusan 800 a Suwidin suka rufe. Saboda haka kwamfutar da ke riƙe da makullanka ba ta wasan yara ba ce, ba kuma ta sauke fim ba. Kowane ma'aikaci da makullinsa, ranar da ya bar aiki a cire nasa. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun kamfanin haya. Sannan ka rubuta jerin sabobi da yadda ake shiga, ka rufe a ambulan ka damƙa wa mai kamfani. Rai na hannun Allah, bai kamata dukiyar mutane ta maƙale don kai kaɗai ka san hanya ba.

Da wanne zan fara?

Mai saba ɗaya zuwa uku, SSH da makulli, tmux, da ido ɗaya na waje sun ishe shi. Daga huɗu zuwa ashirin, ƙara Ansible da WireGuard ko Tailscale, sannan ka zaɓi Zabbix ko Prometheus da Grafana. Ɗaya za ka ɗauka ka iya shi sosai. Abin da ya haura haka ya wuce aikin mutum ɗaya, nemi abokin aiki ku riƙa karɓa-karɓa. Kusan duk abin da na lissafa kyauta ne ko yana da matakin kyauta, kuɗin da za ka kashe na hayar ƙaramar sabar gadi ne da data. Tsohuwar kwamfuta daga Computer Village ta isa ka koyi dukkansu a gida kafin ka taɓa ta mutane.

Watannin baya, bayan sallar Asuba, saƙo ya shigo min cewa faifan sabar Fatakwal ya kai kashi 80. Na share abin sharewa, na saita logrotate ya riƙa rage rajistar da kansa, na sha shayina. Da na je karɓar kuɗin wata, Alhaji ya dube ni ya ce, "Injiniya, kwana biyu shiru, anya kana aiki kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shirun nan shi kake biya." Ya yi dariya ya miƙo ambulan.